Babi na Shida: Tsohon Injin Yankan Itace

A ƙasar Alakos, can arewacin gundumar Gure ta jihar Damagaram, gatari ne ke sara har yau. Itatuwan wurin ba na katako ba ne: aduwa, ƙandili, ɗakwara, magarya, sai gawo jefi-jefi a gonaki. Mai neman makamashi ko dirkar rumfa ba ya bukatar abin da ya wuce gatarinsa da ƙarfin damtsensa. Saboda haka injin yankan itace baƙo ne a nan, in kuwa ya zo, da wuya ya zo sabo. Yakan iso ne bayan ya ci zamaninsa a dazuzzukan kudu, daga wannan hannu zuwa wancan, ya ratsa Kano ko Damagaram, fentinsa ya koɗe, igiyarsa an sauya ta ba adadi. Ba a tunawa da shi sai ranar da guguwar farkon damina ta kayar da tsohon dogon yaro a kan katanga, ko wani ƙaton busasshen itace ya gitta hanyar amalanke. A irin ranar ce kuma ya fi ƙin tashi.

Kafin a taɓa noti ko ɗaya, akwai maganar da ba zan tsallake ba. Dokar gandun daji ta Nijar, mai lamba 2004-040 ta ranar 8 ga Yunin 2004, ba ta yarda a sare ɗanyen itace haka kawai ba, kuma gawo yana cikin itatuwan da hukuma ta ba kariya. Tarihin baka na Damagaram ma yana cewa tun zamanin Sarki Tanimu, a ƙarni na 19, aka tsananta horo kan mai sare shi. Duk wanda ya ga yadda tuddan rairayi ke matso wa gonaki da fadamun Gure, ya ga mutane na kafa shingen kalimbo don su tsayar da su, ya san dalili. Abin da gatari zai yi wuni yana sara, wannan inji zai kwantar da shi kafin shayi ya nuna. Gyaran da zan bayyana na mai yankan abin da ya faɗi ne ko ya bushe, da mai takardar izini daga ma'aikatan gandun daji.

Asalin injin ƙasar sanyi ce. A Jamus Andreas Stihl ya ƙera zarto mai aiki da lantarki a 1926, Emil Lerp na kamfanin Dolmar ya fito da mai shan fetur a 1927, kuma na farkon nan sai mutum biyu ke iya riƙe su. Sarƙar da muka sani yau, mai lanƙwasassun haƙora ɗaya dama ɗaya hagu, Joseph Cox ne ya fara ƙera ta a Oregon ta Amurka a 1947, bayan ya lura da yadda tsutsar wani ƙwaro ke cin itace. Husqvarna ta Suwidin ta shigo fagen a 1959. Wanda masu katako na Afirka ta Yamma suka fi sani shi ne Stihl 070, ƙaton nan mai nauyi da ya fito a ƙarshen shekarun 1960, wanda kwaikwayonsa ƙirar Sin ya cika kasuwanni. Waɗanda suka zana su duka suna tunanin ɗanyen itace ne, da iska mai laima, da fetur daga gidan mai. Babu ko ɗaya cikin ukun da injin zai tarar a Alakos cikin watan Afrilu.

Injin mota, da na yawancin baburan zamani, yana da ma'ajiyar baƙin mai a ƙasansa. Wannan ba shi da ita. Inji ne mai bugu biyu: fistin ya hau, ya sauka, kuma a kowane zagaye wuta na tashi. In fistin ya hau, yakan zuƙo iska da fetur daga kafireto zuwa ɗakin ƙasa, inda kiranshaf ke juyawa. In ya sauko sai ya matse su, su bi ta wasu kafofi a jikin silinda su haura sama, su kori hayaƙin da ya gabata. Ɗan man da aka gauraya cikin fetur shi kaɗai ke shafar boris da fistin da ringi a kan wannan hanya, kuma fetur ɗin kansa yana ɗauke wani kaso na zafi yayin da yake zama tururi. To ka ga duk abin da ya rage fetur, ko ya ƙara iskar da ba a auna ba, ya rage man shafawa da sanyaya a lokaci guda. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe rabin gyaran. Tsofaffin makanikan da suka tashi a kan mobilet sun san shi a jikinsu, haka masu gyaran ƙaramin janareton nan da ake cajin waya da shi. Yaran da suka buɗi ido da babur mai baƙin mai daban su ne ke bukatar a zaunar da su a faɗa musu.

A gareji, da an ajiye inji, hannun yaro kan nufi wuri ɗaya.

"Maigida, in kwance kafireto?"

"Bari tukuna, yaro. Ja igiyar nan in ji."

Maigida ne da gaskiya. Igiya ce ke faɗin ko akwai abin gyarawa. Lafiyayyen inji yana turjiya, ana jin fistin na tokarewa daki-daki. A kashe makunni, a ɗaga injin da igiyar kaɗai: in ya tsaya, ko ya riƙa sauka a hankali yana cijewa, matsi na nan. In ya zarce ƙasa salun-alun, matsi ya tafi, kuma ko an wanke kafireto sau nawa ba zai tashi ba. Daga nan sai a kwance salansa, notuna biyu ko uku ne, a haska fitila ta kafar hayaƙi a juya injin a hankali. Fistin mai lafiya sumul yake, da ɗan danshin mai, ringi na motsi in an taɓa shi da tsinke. Wanda ya ƙone za a ga zane-zane daga sama zuwa ƙasa, ringi ya manne a raminsa. Tunda salansar na hannu, a leƙa cikinta. Injin da ya yi watanni a ɗaki, zanzaro kan gina ɗakinsa na laka a bakin salansa, ya toshe ta ruf. Injin da ba ya fitar da hayaƙi ba ya iya zuƙar sabon mai, kuma tsinke ɗaya ya ishe shi magani.

In matsi na nan, sai a koma kan mai, kuma a nan ne zan daɗe, domin a nan ne mafi yawan injunanmu ke mutuwa. Matatar mai ta Soraz, wadda ta fara aiki a ƙarshen 2011 a kan hanyar Damagaram zuwa Tanut, cikin jihar nan take, amma gidan mai ba ya bin mutum ƙauye. Fetur na isowa ne a jarka, a raba shi a kwalabe, ya wuni a rana a kan teburin 'yan ruwa-ruwa. Ba zarginsu nake yi ba, ba domin su ba da babura da yawa sun kwana a daji. Amma zafin bazara, da ke haura digiri 40, yana kwashe ɓangaren fetur mai saurin kamawa, ya bar mai nauyi wanda ba ya son tashi. Jarkar da ta ɗauki kananzir jiya ta ɗauki fetur yau. Ruwa da ƙasa kan kwanta a gindi. Babur zai haɗiye wannan ya wuce yana tari. Kafofin da ke cikin kafireton injin yankan itace kuwa ba su fi bakin allura ba.

Don haka a juye abin da ke cikin tanki a farar kwalba, a bar shi ya natsa, a duba. In akwai ruwa za a gan shi ya taru a ƙasa. In ya yi ja yana warin tsohon fenti, ya lalace. A tace sabo da ƙyalle mai tsabta. Sannan gauri. Kamfanonin yau suna cewa kashi 50 na fetur, kashi 1 na mai, wato mililita 20 a lita ɗaya, amma da mansu mai kyau suke nufi. Tsofaffin littattafan Stihl sun ce in da wani man ne a yi 25 da 1, wato mililita 40 a lita, kuma haka aka saba rubutawa a jikin na Sin. Ga tsohon inji, da man da ba a tabbatar da asalinsa ba, na biyun nake zaɓa. A nemi wanda aka rubuta 2T a jikin robarsa. Baƙin man mota ba a yi shi don a ƙona ba, yana barin toka da gawayi da ke manne ringi. Awo da ido ko da murfin kwalba kuwa shi ne babbar ɓarna: yau ya yi yawa buji ya toshe, gobe ya yi kaɗan fistin ya kama. Sirinji mai mililita 20 daga kantin magani ya raba gardama. A gauraya a jarka daban, a girgiza, kada a zuba kowanne shi kaɗai cikin tanki, kuma kada a haɗa fiye da na 'yan makonni.

Buji, wato fulogi, shaida ne. In an ciro shi a jiƙe sharkaf, mai ya yi yawa a ciki, yawanci saboda an yi ta ja da cok a rufe bayan injin ya riga ya yi tarin farko. A bar ramin a buɗe, a kashe makunni, a kifa injin a ja igiya har ya fesar da abin da ya sha. In ya fito a bushe bayan an sha ja, mai ba ya isowa. Launinsa ma magana ne: ruwan ƙasa lafiya, baƙi mai maiƙo mai ya yi yawa, fari fat kuwa injin na aiki da yunwa, kuma wannan ya fi baƙin haɗari nesa ba kusa ba. Tazarar bakinsa rabin milimita ce. A sa shi a hularsa, a jingina gindinsa da ƙarfen silinda nesa da ramin da kuma duk inda fetur ya zuba, a shiga inuwa a ja. Ana son tartsatsi shuɗi mai ƙara. In babu, a gwada wani buji, in har yanzu babu a zare siririyar wayar da ta tafi makunni, domin sau da yawa ita ce ta goge ta taɓa jiki. Kwayil shi ne na ƙarshen zargi. Tazararsa da faifan maganaɗisu kaurin siririn kati ce, kusan milimita 0.3. Tsofaffi sosai suna da filatin a bayan faifan, wanda ke son a goge shi a daidaita.

Akwai gwaji mai sauƙi da ke raba hanya biyu. A ɗiga gaurayayyen mai kamar rabin ƙaramin cokali ta ramin buji, a mayar, a ja. In ya tashi ya yi 'yan daƙiƙu ya mutu, wuta da matsi sun fita daga zargi, saura hanyar mai. A bi ta daga tanki: a lanƙwasa waya a jawo matacin da ke lilo a ciki, a lanƙwasa tiyo a ga ko ya tsattsage, a duba 'yar kafar da ke shigar da iska tanki. Injin da ke aiki minti kaɗan ya mutu, in an buɗe murfin tanki ya yi tsaki ya sake tashi, wannan kafar ce ta toshe.

Yanzu ne lokacin yaro ya yi. Kafireton wannan inji, ko na Tillotson ne ko Walbro ko Zama, ba shi da kwano da balbalo irin na babur, domin dole ya yi aiki a tsaye da kwance da kife. A madadinsu akwai 'yan fatun roba guda biyu. Ɗaya famfo ce, bugun ɗakin ƙasa ke kaɗa ta ta wata 'yar kafa ko siririn tiyo. Ɗayar ita ke danna allura ta buɗe wa mai hanya gwargwadon bukata. Sabuwa laushi gare ta. Wadda ta shekara a ajiye da tsohon fetur cikin zafinmu takan bushe ta ƙandare kamar ƙirgi, in an motsa ta har ƙara take. Wannan ba ta da gyara, sai sauyi, kuma wanda zai je kasuwar Dole a Damagaram ko Sabon Garin Kano ya tafi da tsohuwar a aljihu, ya sayo biyu. A shimfiɗa farin ƙyalle kafin a kwance, domin akwai wani ɗan sifirin a ƙarƙashin hannun allura da in ya yi tsalle cikin rairayi an rabu ke nan. A lura da jerin fata da gasket a kowane gefe, ba iri ɗaya ba ne. A wanke 'yar rariyar da ke ciki da fetur. Kada a zura waya a kafofin, tana faɗaɗa su, kuma kafar da ta faɗaɗa ba ta komawa.

Ƙura kuwa ba ta hana inji tashi yau, a hankali take cinsa. Hunturun da ke busowa daga arewa maso gabas yana ɗauko ta ne daga kwarin Bodele na Cadi, wanda masana ke lissafawa a matsayin wurin da ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya, kuma jihar Damagaram na kan hanyarta. Laushinta ya sa take ratsa duk matacin iskar da ya huje ko bai zauna daidai ba, ta gauraya da mai, ta riƙa goge fistin ta gefen kafireto har ya yi sako-sako. Na fi jin takaicin mai cire matacin gaba ɗaya wai don inji ya sha iska. A wanke matacin da ruwa da sabulu a shanya, kullum in ana aiki, kuma a rufe cok kafin a cire shi don kada datti ya faɗa. A kankare garin itacen da ya daskare tsakanin haƙarƙarin silinda, domin iska ce ke sanyaya ta daga waje.

Mafi wuyar ganewa shi ne iskar sata. A kowane gefen kiranshaf akwai sil na roba, tsakanin kafireto da silinda akwai wuyan roba ko gasket, kuma duk suna tsufa. In ɗaya ya fashe, iska na shiga ba tare da mai ba. Alamunta: silo ya ƙi zama, injin na hawa da kansa sarƙa na gudu ba a taɓa totur ba, muryarsa na sauyawa in an kwantar da shi ta gefe, sukurun silo ya daina jin magana. Mai kayan aiki yakan toshe mashiga da mafita ya hura iska kamar rabin bar ya ga ko za ta zauna. Wanda ba shi da ma'auni zai iya yanko robar tsohon tib ya toshe kafofin biyu, ya hura kaɗan da famfon keke, ya shafa ruwan sabulu ya nemi inda kumfa ke tashi. Duk wanda ya tarar da ƙonannen fistin ya sa sabo bai nemi abin da ya ƙona na farkon ba, zai sake sayen wani kafin wata ya mutu.

In za a sauya fistin, a san cewa silindar alminiyom ce da aka yi wa siririn rufi mai tauri a ciki, ba a yi mata bori irin na babur. Alminiyom ɗin da ya narke ya manne ana iya goge shi da takardar yashi mai laushi. Amma in farce na maƙalewa a rami, rufin ya tafi, sai sabuwa. Kibiyar da ke kan fistin tana kallon salansa. Bakin kowane ringi ya zauna a kan ɗan ƙusarsa. 'Yan zoben da ke tare fin a sa sababbi, a tabbata sun shige raminsu.

Saura sukuru biyun nan masu harafin L da H, inda injin da aka gama gyarawa ke iya mutuwa cikin minti biyar. A murɗa kowanne ciki a hankali har ya taɓa, ba a ɗaurewa, sannan a dawo da shi kamar zagaye ɗaya. Daga nan ake farawa ga yawancin tsofaffi. A bar injin ya yi zafi, matacin iska na jikinsa. L na silo ne da ɗaukar wuta: in an danna totur ya yi jinkiri, a ɗan buɗe. H na cikakken gudu ne. In an murɗa shi ciki, mai na raguwa, murya na sirancewa tana hawa, injin na kururuwa, masu kallo na cewa yanzu ne ya samu lafiya. Ba lafiya ba ce, man shafawa ne ke janyewa daga fistin da ke kai-komo sau dubbai a minti ɗaya. Saitin ƙwarai shi ne wanda in an danna totur a iska muryar ke ɗan gargada, in sarƙa ta shiga itace sai ta washe. Kuma iskar sanyi ta fi ta zafi nauyi, don haka saitin da ya yi daidai da tsakar ranar Mayu zai zama na yunwa da asubahin Janairu. In yanayi ya juya, a sake saurare.

Wani lokaci injin lafiya lau yake, sarƙa ce ta dakushe, mai shi na dannawa da ƙarfi har komai ya ɗau zafi. Ɓawon itacen Alakos cike yake da yashi, busasshiyar aduwa kuma tauri gare ta, don haka a ɓare ɓawon da gatari a inda za a yanka, kada kuma sarƙa ta taɓa ƙasa. Mai kaifi tana fitar da ɓarɓashi manya, dakusasshiya gari take fitarwa. Ana wasa ta da zagayayyen magagari daidai girman haƙoranta, a karkace kamar digiri 30, kowane haƙori adadi ɗaya. Tankin man sarƙa kada ya bushe. Tsofaffin injuna da yawa ba su da birkin sarƙa, kuma in saman hancin dogon ƙarfen ya taɓa wani abu, injin kan yi tsalle ya nufo fuska kafin ƙiftawar ido. A riƙe da hannu biyu, babban yatsa ya zagaye mariƙi, a tsaya a gefen layin yanka, a naɗe babbar riga da rawani, a kori yara. Daga yawancin ƙauyukan nan zuwa asibitin Gure tafiya ce mai nisa a kan rairayi.

Injin da aka sa wa sabon fistin, tankunan farko a bar H a ɗan buɗe fiye da kullum, a yi yanka gajere-gajere, kada a riƙe totur a iska. Bayan ya huce a sake bin notunan silinda da na salansa. In aiki ya ƙare kuma an san zai daɗe a ajiye, a juye tanki, a tayar da shi a silo har ya mutu da kansa don kafireto ya bushe, a ɗiga mai kaɗan ta ramin buji a ja igiya a hankali, a sassauta sarƙa, sannan a sa shi a buhu a ɗaure baki, a rataye inda rana da ƙasa ba sa kaiwa.